Yadda Za Ka Buɗe Kira a Wasan Birij

A Nima da Sabon Zongo na ƙasar Gana an saba da kartar sipa, amma birij sai mutum huɗu, biyu-biyu, abokinka na zaune yana fuskantarka. Ga yadda ake fara kira, wato faɗin yawan zagayen da kai da abokinka za ku iya ci, da irin katin da zai rinjayi sauran.

Da farko, jera katunanka 13 iri-iri, ka ƙirga maki: as 4, sarki 3, sarauniya 2, jak 1. Duka kartar maki 40 ne.

Idan ba ka kai 12 ba, ka ce "fas". Ba abin kunya ba ne.

Kana da 12 zuwa sama da sifed ko hat guda 5? Kira ɗaya a wannan irin. In babu, buɗe da daimon ko kulob, wanda ya fi tsawo.

Amma in makinka 15 zuwa 17 ne, hannun kuma a daidaice, ba irin da ya gaza kati 2? Kira 1NT, wato ɗaya "no trump": ba irin da zai rinjayi sauran.

A nan wasan ke daɗi. Abokinka mai maki 8 ko fiye, da hat ko sifed 4, zai amsa 1NT ɗinka da kulob 2. Ba kulob yake nufi ba, tambaya ce: kana da hat ko sifed guda 4? Wannan ita ce dabarar Stayman. In kana da su, faɗi irin. In babu, ka ce daimon 2. Makinku a haɗe ya kai 25, ku nemi gem, wato babban kiran da ke kawo ƙarin lada in kun cika shi.

Ku daidaita kan dabarun nan kafin a raba, kuma abokan hamayya na da ikon tambayar ma'anarsu. Ƙyafta ido da tarin ƙarya haramun ne a teburin birij.