Yadda ake shirya wa gasar share fagen ADCC: agogo ke zaɓar dabara

Gasar ADCC, wadda Shaihu Tahnoun bin Zayed ya assasa a Abu Dabi a 1998, ita ce ƙololuwar kokawar sallamawa, wadda ake cin ta da shaƙa ko murɗa gaɓa har abokin karawa ya buga hannu. Duk bayan shekara biyu ake yin ta, kuma wanda ba a gayyata ba sai ya ci gasar share fage ta yankinsa: Amurka ta Arewa, Amurka ta Kudu, Asiya da Oshiniya, ko kuma Turai, wadda aka haɗa ta da Gabas ta Tsakiya da Afirka. Ajin maza biyar ne: kilo 66, 77, 88, 99 da sama da 99. Zakaran kowane aji ne kaɗai ke samun gurbi.

Kafin ka koyi wata sabuwar dabara, haddace agogo. Wasan share fage minti 6 ne. Minti 3 na farko babu maki, sauran 3 ake ƙirga. Wasan ƙarshe minti 8 ne, rabi da rabi. In an tashi kunnen doki, a ƙara lokaci a fara daga tsaye, in abin ya ci tura alƙalai su yanke. Kusan duk abin da ake gani a sakamakon shekarun nan daga wannan rabon lokaci ya samo asali.

Minti ukun farko na ƙafafu ne. Tunda zama ƙasa ba ya jawo asara a lokacin, masu murɗa dunduniya, wadda 'yan wasa ke kira hil huk, zaunawa suke yi su shige ƙarƙashin mutum. Lachlan Giles na Ostireliya, ɗan ajin kilo 77 da ya fito ta share fagen Asiya da Oshiniya, da wannan murɗa ya sallamar da Kaynan Duarte da Patrick Gaudio da Mahamed Aly a ajin da babu iyakar nauyi a babbar gasar ADCC ta 2019, ya ɗauki tagulla. Tun daga nan ba mai zuwa share fage bai san ta ba.

Ga yadda take. Ka fara maƙale cinyarsa da ƙafafunka biyu sama da gwiwa, ƙugunka manne da nasa. Sai ka cusa yatsun ƙafarsa a hammatarka, dunduniyar ta zauna a kan wuyan hannunka, ka haɗa tafukanka. Ƙarfin daga ƙugu yake fitowa, kana tura shi cikin gefen gwiwar, hannu riƙo kawai yake yi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne rarumar dunduniya tun ba a kulle cinya ba. Da zarar gwiwarsa ta zame ta wuce tsakanin cinyoyinka, murɗar ta mutu, kuma ga shi a samanka daf da fara ƙirga maki. Mai kare kansa kuwa ya miƙe yatsu ya ɓoye dunduniya, ya ture ƙafar da ta danne ƙugunsa, ya zare gwiwa tukuna kafin ya yi tunanin mirginawa. A wurin atisaye a riƙa sakinta da wuri: jijiyoyin gwiwa kan tsinke kafin zafi ya iso, shi ya sa jarumtaka ba ta da amfani a nan.

Da minti na uku ya cika, lissafi ya juya. Wanda ya zauna ƙasa daga tsaye an cire masa maki 1. Kayarwa maki 2 ce in ka faɗa tsakanin ƙafafunsa, 4 in ka sauka ka riga ka tsallake su. Juyar da na sama daga ƙasa ma haka, 2 ko 4. Tsallake ƙafafu 3, hawan ruwan ciki 2, ɗora gwiwa a ciki 2, kama baya 3. Kowanne sai an riƙe shi daƙiƙa 3.

Daƙiƙa ukun nan su ne matsalar. A kokawar gargajiya, da mutum ya taɓa ƙasa an gama, makaɗa su ɗauka. A nan kuwa kana iya ɗaga mutum ka maka shi, ya juya ya durƙusa kamar kunkuru, alƙali bai ba ka komai ba. Saboda haka kada ka yi atisayen kayarwa ita kaɗai. Haɗa ta da abin da ke biye: yana durƙusawa, ƙirjinka ya manne da bayansa, hannu ɗaya ta kan kafaɗa, ɗaya ta ƙarƙashin hammata, ka cusa ƙafarka ta ƙasa cikin cinyarsa tukuna, sannan ta sama. Masu gaggawar cusa ƙafa biyu lokaci guda su ne ke zamewa ta kan kai su koma ƙasa. Dokar ADCC tana ba da maki ga wanda ya kulle cikin mutum da ƙafafu ta baya, kuma wannan kullin ya fi wuyar kwancewa a jiki mai gumi. Daga nan sai shaƙar wuya ta baya: danne hannunsa ɗaya, in da hali ka taka shi da ƙafa, ya rage hannu ɗaya yana faɗa da biyu.

Nick Rodriguez ya nuna nisan da kokawar tsaye ke kai mutum. Yana da shuɗiyar ɗamara, mataki na biyu daga ƙasa a wasan jujitsu, ya ci share fagen gaɓar yammacin Amurka a 2019, ya je babbar gasar ya ɗauko azurfa a ajin sama da kilo 99. A 2022 a Las Vegas, uku daga zakarun maza biyar ta share fage suka shigo: Diogo Reis a 66, Kade Ruotolo a 77, Giancarlo Bodoni a 88. Ruotolo, yana ɗan shekara 19, duk wasanninsa huɗu da sallamawa ya ci su.

In kana nazarin bidiyon wata gasa, kada ka tsaya ga sunan dabarar da ta ci. Rubuta minti nawa ta faru, daga wane zama aka shige ta, da kuma zagayen. Dabarar ban mamaki a zagayen farko, inda gwani ke haɗuwa da sabon shiga, ba ta nuna komai. Daga zagayen 'yan takwas zuwa sama ake ganin abin da ke aiki a kan wanda ya iya.

Sai numfashi. A manyan share fagen Amurka aji ɗaya kan haura mutum 100, zakara ya yi wasa shida, bakwai ko fiye cikin kwana biyu. Tsara atisayenka da agogon gasar: minti 6, wani ya yi kira a na uku, a ƙara minti 3 daga tsaye, hutu kaɗan, a sake da sabon mutum. Ka saba da duban agogo a minti biyu da rabi, ka yanke shawara: ko ka zauna tun zama bai zama laifi ba, ko ka miƙe ka shirya kayarwa.