Nutso a Bonaire ba sai da kwalekwale ba

Idan za ka yi nutso a tsibirin Bonaire da ke tekun Caribbean, kada ka riƙa biyan kuɗin kwalekwale kullum. Nemi masaukin da ke ba da tukunyar iskar numfashi ba adadi, ka yi hayar a-kori-kura, ka shiga ruwa daga gaɓa.

A yammacin tsibirin, murjani na kusa da tudu, ruwan kuma kwance yake. Duwatsu masu fentin rawaya a bakin hanya ke nuna mashiga.

Ka fara biyan kuɗin gandun teku, wato yankin ruwan da ake karewa. An hana sa safar hannu. Sa takalmi mai kauri, ɓaraguzan murjani na yanka ƙafa.

A gabas dabarar ba ta ci, igiyar ruwa ta yi ƙarfi. Klein Bonaire kuwa, ƙaramin tsibirin da ke kusa, sai da jirgin ruwa. Don Allah kada ka nutsa kai kaɗai.