Yadda za a shigar da marar lafiya cikin kundin kwamfuta na bai ɗaya

Nijar tana amfani da manhajar kwamfuta mai suna DHIS2 wajen tattara rahotannin likitoci na wata-wata. Kundin mutum ɗaya da CSI (ƙaramin asibitin unguwa ko ƙauye) da babban asibitin Maradi za su duba tare ya fi wannan wuya, domin a wurin karɓar marasa lafiya ake ɓata shi.

Kafin ka buɗe sabon kundi, nemi tsohon tukuna. Sunan mutum da na mahaifinsa ba su isa ba, don Hadiza Abdu na iya kai goma a gari ɗaya. Ƙara sunan uwa, ƙauye da lambar waya, ka gwada rubutun Faransanci da na Hausa: Ousmane da Usman, Aïchatou da A'ishatu. Nan ne mutum ɗaya yake zama biyu, maganin da jikinsa ba ya so yana kundin farko, likita kuma yana duba na biyu. In ba a san ranar haihuwa ba, rubuta shekara kawai ka nuna kintace ne. Waɗanda suka tsallako daga Jibiya ta Nijeriya ma a ba su lambar kundi, a rubuta ta a katinsu.

Da damina, lokacin zazzaɓin cizon sauro, layi yakan yi tsawo, wuta da rezo su ɗauke. Ci gaba da rajistar takarda, a shigar da ita a ranar, kada ta kwana. Kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa. Majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na wurin, ya rufe kalmar sirrin wanda aka sauya wa wurin aiki.