Kurakuran Masu Zuwa Kallon Mikiya Lokacin Sanyi a Amurka

Da zarar sanyi ya kankama a Amurka, tafkunan arewa suka daskare, sai mikiya mai farin kai ta gangaro kudu neman inda ruwa bai kulle ba. Duk shekara kuma sai sababbin 'yan kallo sun maimaita ɓarnar bara. Na gaji da tare mutane ɗaya-ɗaya a bakin hanya ina musu magana, gara in faɗa gaba ɗaya.

Babban laifi shi ne kusantar inda suke kwana ko hutawa. Da sanyi mikiyoyi kan taru su kwana wuri ɗaya, a kan manyan tsofaffin itatuwa, cikin kwari ko gangaren da iska ba ta bugawa. Abinci ya yi ƙaranci, dare ya yi tsawo, ɗan kitsen da tsuntsuwa ta tara shi ne zai kai ta safiya. Ka tashe ta da magariba, ta ƙone abin da ta wuni tana nema, wataƙila ma ta ƙare a itacen da iska za ta kwana tana dukanta. Saboda wannan ne aka keɓe gandun Bear Valley a yankin Klamath, kusa da iyakar Oregon da Kalifoniya, a 1978, kuma ba a barin 'yan kallo su shiga. A waje ake tsayawa tun da duku-duku a ga fitowarsu.

Wani sanyi na ɗauki hutu a wurin aiki, na ɗebo baƙi, muka yi tuƙin dare zuwa wani bakin kogi. Muka tarar da su jere a kan wani dogon itace, sun cure jiki, gashin ƙirjinsu ya bubbuɗe, raɓa ta daskare a rassan. Ba mu gama sauke gilashi ba sai ga wani ya faka a bayanmu, ya buga ƙofa garam, ya nufi gindin itacen da kyamara. Gaba ɗaya suka tashi, suka haye kogi, har muka bar wurin ba su dawo ba. Na ce masa, “Malam, ka ga abin da ka yi?” Ya juyo mini da kyamarar yana nuna hoton tashinsu, ransa fes. Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Wasu ma tafi suke yi da gangan don su samu irin wannan hoto. Wannan zalunci ne, ku daina.

Ni a mota nake zama, in kashe inji, in sauke gilashi, in sa madubin hangen nesa, domin sun fi jure ganin mota a kan mutum a tsaye. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce tazarar mita 100 aƙalla, amma ni tsuntsuwar nake dubawa: in ta daina gyaran gashi, ta miƙe wuya, ta zuba mini ido, to na matso da yawa, sai in ja baya.

Na biyu, jefa musu kifi. A ƙasan madatsun ruwa na kogin Misisipi, inda ruwa ba ya daskarewa, suna samun kifinsu da kansu. Mai jefa kifi yana koya musu sabo da mutane da hanyar mota ne kawai. In ka yi magana a ce ai yanzu sun yi yawa. To a 1963 ma'aurata 417 kacal aka ƙirga suna sheƙa a jihohi 48 na ƙasar (ban da Alaska da Hawaii), maganin ƙwari na DDT ya sa ɓawon ƙwansu ya yi laushi yana fashewa. Sai da aka hana shi a 1972 suka fara farfaɗowa, kuma sai 2007 aka cire su daga jerin masu fuskantar barazanar ƙarewa. Dokar 1940 da ta hana damunsu tana nan daram, ita ce kuma ta hana ka ɗaukar ko gashi ɗaya da ka tsinta a ƙasa.

Ƙananan kurakurai kuwa, zuwa da hantsi bayan sun watse, da sakin kare, da tada ƙaramin jirgi maras matuƙi a kansu. Wani ya ga mikiya mai launin ruwan ƙasa ya wuce, bai san yarinya ba ce, farin kai sai ta kai shekara huɗu zuwa biyar. Ka sa safar hannu da takalmi mai kauri, wanda sanyi ya dama shi ne ke fitowa yana tsalle-tsalle. In ka gano makwancin da ba a sani ba, ka sanar da jami'an namun daji, kada ka sa taswirarsa a Facebook.

Masu gona a bakin kogi kuma, dogon itacen nan da ya fara bushewa kuke shirin sarewa don murhu, a kansa suke sauka su hangi kifi, kuma irinsa yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya girma. Mafarautan barewa su koma harsashin da ba na dalma ba, ko su binne kayan cikin, don ɗan ɓarɓashin dalma a mushe ya isa ya kashe mikiya.