Yadda ake gwada kyamarar ful-firem wajen ɗaukar hoton mutum a waje

Kafin ka zuba kuɗi, nemi aro ko haya ta yini ɗaya. Ful-firem ita ce kyamarar da sensarta, wato farantin da ke karɓar haske a cikinta, ke da milimita 36 a tsawo da 24 a faɗi, girman fim ɗin da masu hoto na da ke sakawa. Canon 6D, Nikon D750 da Sony A7 III duk 'yan wannan gida ne.

Fara da gilashi. Wanda ya saba da ƙaramar sensa zai ga gilashinsa na 50mm ya buɗe, yana ɗauko fili mai faɗi, domin a can yana aiki ne kamar 75mm ko 80mm. Don hoton kafaɗa zuwa kai, 85mm f/1.8 na fi so (lambar f na nuna girman ƙofar haske: ƙaramar lamba, ƙofa a buɗe sosai). Ka sani gilashin Canon mai alamar EF-S ba ya hawa 6D. Kuma ka ɗaura gilashinka tun a ɗaki, musamman lokacin hunturu, don ƙura na shiga sensa sai ɗige-ɗige a kowane hoto.

Sai lokaci. Fita da hantsi ko bayan la'asar sakaliya. Rana tsaka tana zuba inuwa a ramin ido, ga mutum yana ta yamutsa fuska. Akwai wata matsalar kuma: a ISO 100 (ISO ma'aunin yadda sensa ke jin haske ne) da f/1.8 cikin tsananin rana, shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, na buƙatar saurin kusan 1/8000 na daƙiƙa, alhali 6D da D750 a 1/4000 suke tsayawa. Hoto sai haske ya yi masa yawa. Mafita ita ce inuwar bishiya, ko ka rage ƙofar haske zuwa f/2.8, ko ka sa matatar ND, mai rage haske, a bakin gilashi.

Tsayar da mutumin nesa da bango ko shuke-shuken da ke bayansa, kamar taku goma. Kai kuma ka tsaya mita biyu zuwa uku daga gare shi. Nan ne za ka ga abin da ake sayen kyamarar dominsa: bayan ya narke, fuska ta fito ita kaɗai.

Amma fa a nan sababbi ke faɗuwa. A f/1.8 wurin da ke fitowa tangaran 'yan santimita ne kawai, ido na iya fita kunne ya dushe. Ɗora saiti a kan idon da ya fi kusa da kai. Idan kyamarar na bin ido da kanta, kamar A7 III, kunna mata. Mutum biyu ko uku kuwa, koma f/4.

Farar shadda tana ruɗar ma'aunin haske, fuska ta yi duhu. Ƙara haske kaɗan, ko wani ya riƙe maka farin kwali a gefe ya mayar da haske fuskar. Ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da ya fi sauƙin gyara a kwamfuta.

Kada ka yanke hukunci a allon kyamara. Ɗauki hoto iri ɗaya da tsohuwar kyamararka, a wuri ɗaya, ka buɗe su biyun a kwamfuta, ka zuƙo kan ido ka kwatanta.