Darasi na 9: Lemur mai zanen gwafa, dabbar da ke rayuwa da ƙaro

Tsibirin Madagaska, wanda ke gabas da gaɓar Mozambik, yana da wasu dabbobi dangin biri da ake kira lemur, kuma can ne kaɗai asalinsu. A cikinsu akwai wani ƙarami wanda nauyinsa bai kai rabin kilo ba, wutsiyarsa ta fi jikinsa tsawo. Baƙin layi yakan tashi daga kowane idonsa, layukan biyu su haɗu a tsakar kansa su zama ɗaya, su gangara ta gadon bayansa, kamar dai gwafar da ake tokare rumfa da ita. Mutanen ƙasar suna kiransa tanta. Wani masani Bafaranshe mai suna de Blainville ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1839, kuma a yau masana sun raba shi iri 4, a dazuzzukan yamma da arewa da arewa maso gabashin tsibirin.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne abincinsa. Yawancin dangin biri 'ya'yan itatuwa da ganye suke ci, amma wannan ƙaro ne cimarsa, musamman na bishiyoyi dangin baushe. Duk wanda ya taɓa ɓamɓarar ƙaro a jikin bishiya ya san yadda yake tsatsowa daga inda ɓawo ya ji rauni, ya daskare. A can ma haka ne, sau da yawa tsutsar ƙwaro ce ke huda ɓawon. Da magariba ta yi sai tanta ya fito daga kogon bishiyar da ya wuni barci, ya bi bishiyoyin da ya sani ɗaya bayan ɗaya, ya manne da gangar jikinsu da faratansa masu kaifi. Haƙoransa na gaba na ƙasa sun jeru sun miƙe kamar mataji, da su yake kankarar ƙaron, sannan ya zura dogon harshensa ya lashe abin da ya maƙale a cikin rami. Ƙaro ba ya narkewa da sauƙi, shi ya sa wani sashe na hanjinsa ya yi girma kamar jaka, inda abincin ke daɗewa kafin ya narke. Amfanin wannan cima yana bayyana ne da rani, lokacin da dajin yamma ya kaɗe ganye, 'ya'yan itace suka ƙare. Yakan ɗan haɗa da ƙwari.

Zamansu na aure abin mamaki ne. Namiji ɗaya da mace ɗaya ne ke riƙe yanki guda, amma kowa kiwonsa yake yi dabam, sai dai su riƙa kiran juna da ƙarfi cikin duhu. Idan suka haɗu a bishiya mai ƙaro, macen ce ke fara ci, namijin ya jira. Ɗa ɗaya take haifa, wajen Nuwamba ko Disamba, farkon daminar ƙasar.

Mujiya da macizai suna kama shi, amma sare daji don noma da ƙona gawayi ya fi yi masa ɓarna, domin bishiya ɗaya idan ta faɗi ta tafi da abincinsa da makwancinsa.

Aiki: ku rubuta jimla uku a kan yadda haƙori da harshe da hanjin tanta suka dace da cin ƙaro, sannan kowa ya faɗi sunayen bishiyoyin garinsu da ke fitar da ƙaro.