Yadda na kare motata daga ƙanƙara

Ba ni da gareji, a waje motata take kwana. Ranar da aka yi ruwan ƙanƙara, na wayi gari rufinta duk ya lotsa. Tamfol ɗin da na lulluɓa mata bai tsinana komai ba, ƙura da rana kawai yake tarewa.

Sai na sayi rigar mota mai soso a ciki, sosan ne ke shanye ƙarfin bugun. Karon farko ban ɗaure ba, iska ta yaye ta tun kafin ƙanƙarar ta sauko. Yanzu igiya nake zagayawa ta ƙarƙashin motar in tamke tam. Gilashin gaba kuwa, tsohon bargo nake ninkawa in shimfiɗa kafin in sa rigar.

Bana sau biyu aka yi ƙanƙara, ko tabo babu.